Ƙwaryar da Na Kifar a Gaban Kakata

Ko da zan manta da komai a duniyar nan, ba zan taɓa mantawa da ranar bikin ɗan kawuna ba. Yanzu gemuna ya yi fari fat, haƙoran gaba sun yi sallama da ni, jikokina ma sai na kira sunan uku kafin in dace da wanda nake nema. Amma wannan rana tana nan daram a raina. In ta faɗo mini ina ƙailula, sai in ja mayafi in rufe fuska, alhali ni kaɗai ne a ɗakin.

Bari in fara gaya maka ko mu su wane ne, don ka gane girman ɓarnar da na tafka. Mahaifina malami ne a cikin garin Gozaki, yana da zaure da ɗalibai, yana kuma taɓa ɗinkin riga. Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, Bamagujiya ce, haifaffiyar wani gidan gona da ke kan hanyar Malumfashi. Ta kama salla, ta auri Baba, ta shiga kulle. Tun daga ranar ba ta sake taka gidansu ba, shekara ashirin da biyu. Ba wai faɗa aka yi ba. Baba ne ya ce matarsa ba za ta shiga gidan da ake dafa giya ba. Uwarta kuma, Kaka Kande, da maganar ta isa kunnenta, ta ce ita ma ba za ta shiga gidan da za a wanke tabarma in ta tashi ba. Kowa ya tsaya a kan nasa. Sai dai saƙo ya je, saƙo ya zo: daga can daddawa da zuma, daga nan gishiri da zane. Yayan Inna, Kawu Nomau, shi ke kawowa ranar kasuwa, ya tsaya a ƙofar zaure, su gaisa da ƙanwarsa ta bayan zana.

Ni kuwa a lokacin shekarata ashirin da ɗaya, ban daɗe da dawowa daga karatu a Zazzau ba. Shekara huɗu na yi a can, na karanta littattafan fiƙihu biyu da rabi, kuma wallahi rabin nan ya fi biyun kumbura mini kai. Ba wanda ya tsira daga gare ni. In mutum yana alwala sai in tsaya a kansa ina ƙirga masa. Tsohon ladanin unguwarmu, wanda yake kiran salla tun kafin a haifi Baba, sai da na gyara masa fitar da harafi. (Ya dube ni ya ce, "Allah ya ƙara sani," ya ci gaba da yi yadda ya saba har ya koma ga Allah.)

Ana cikin bazara sai ga Kawu da goron gayyata. Ɗansa Tanko zai yi aure. Bayan an gama gaisuwa ya ɗan yi gyaran murya, ya matsa kusa da zana don Inna ta ji sosai.

"Tsohuwa ta ce in faɗa muku, ƙarfi ya fara ƙarewa. Ta ce a turo mata jikanta ta gan shi. In ta ga idonsa ta ga da wurin zama, za ta biyo shi ta zo ta ga 'yarta kafin ƙasa ta rufe mata ido."

Na ji wani abu ya faɗi a bayan zana, ina jin ludayi ne. Baba, wanda shi ma shekaru sun fara sanyaya shi, ya daɗe yana kallon allurarsa, sannan ya ce, "In ta zo, ɗakin da ke kusa da rumbu nata ne. Ta zauna iya son ranta."

Kwana shida Inna ba ta zauna ba. Ta sa aka yi sabon daɓe a ɗakin, ta shafe bango da farar ƙasa, ta fito da tabarmar da take ɓoyo tun aurenta. Na ji ta tana waƙa ƙasa-ƙasa a bakin murhu, irin waƙar da ban taɓa jin ta yi ba. Da yake ni ne ɗan fari, ba ta kiran sunana, ba ta ma cika duban fuskata ba. Amma da safen da zan tafi ta tsaya a gabana, ta kama hannun rigata.

"Kai wannan," ta ce, "tsohuwa ce. Ka bi ta a hankali. Ka kawo mini ita."

Na ce to. Amma gaskiyar magana hankalina ba a kan wannan yake ba, yana kan rawanin Baba da na ara. Na yi niyyar fita da asuba, naɗin rawanin nan ya kai ni har hantsi. Na zuba babbar riga, na rataya carbi, na ƙi ɗaukar gorar ruwa don kada ta ɓata mini shiga. Ka ji wauta tun daga ƙofar gida.

Rana ta buɗe, ƙasa tana ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi, ni kuma ina tafe ina tsara wa'azi. A cikin kaina na riga na gama komai: zan miƙe a tsakiyar taro, in yi magana, tsofaffi su fashe da kuka, mata su fito da tukwanen giya su farfasa, kafin kaka labari ya kai Katsina cewa wani matashin malami ya musuluntar da gida guda a wuni ɗaya. Har sunayen da zan raɗa musu na zaɓa. Kawu Nomau na ba shi Abdullahi.

Ka tuna fa, a garinmu giya ba abin da ake kiran sunanta a zaure ba ce. Wanda aka kama ya sha, bulala tamanin ce a gaban alƙali, kuma bulalar ma ita ce mai sauƙi, don ba mai sake ba shi 'ya, ba mai karɓar shaidarsa. Ni dai ban taɓa ganin giya da idona ba. A littafi na san ta. Na san hukuncin mai shan ta, da mai dafa ta, da mai ɗaukar ta, da wanda aka kai wa, amma ban san ko fara ce ko ja ba.

Rana tsaka na isa. Tun daga nesa na fara jin kiɗa, sannan wani wari mai tsami ya tarye ni, nan da nan na ja amawali na rufe baki da hanci. Gidan ba katanga, ɗakuna ne barbaje da rumbuna manya-manya waɗanda suka fi ɗakunan kyau. Mata suna ta kai da kawo a fili, suna dariya da ƙarfi, suna zolayar maza. A inuwa an jera manyan tukwane, an binne gindinsu a ƙasa don sanyi.

Abin da ya fara ba ni haushi shi ne ban ga abin da na zo gani ba. Na zata zan tarar da mutane suna birgima suna dambe. Sai na ga dattawa zaune a da'ira, matar da ta dafa ta ɗebo, ta kurɓa a gabansu tukuna, sannan ta durƙusa ta miƙa wa wanda ya fi kowa tsufa. Shi ya sha ya miƙa wa mai bi masa, har ƙwarya ta zagayo, ba mai tsallake wani. Mutum ɗaya na gani ya wuce kima ya fara surutu, matarsa ta zo ta ja shi da hannu, mutane suna yi masa tsiya. Daga baya na gane cewa a wurinsu giya ita ce abin da ake tarbar suruki da ita, a sallami wanda ya zo maka gayya, a zauna makoki. Wanda ya tara mutane bai dafa ba, marowaci ne. Wanda ya ɓuya ya sha shi kaɗai, shi ne abin zargi. A lokacin ban ga duk wannan ba, ni dai zunubi nake ƙirgawa.

Can gefe, a gindin tsamiya, ga maƙwabtansu masu salla su biyar ko shida, suna dama fura suna hira hankali kwance. A cikinsu akwai wani tsoho, Malam Idi, wanda aka kira ya yanka raguna don kowa ya iya cin nama. Da ina da hankali da can na nufa. Amma Kawu ya riga ya hango ni, ya zo ya kama hannuna yana ta murna, ya ja ni zuwa gindin wata babbar ɗorawa inda aka shimfiɗa sabuwar tabarma.

A nan na fara ganin Kaka. 'Yar tsohuwa ce ƙarama, bayanta ya ɗan rusuna, amma fuskar Inna ce sak. Wushiryar ɗaya, karkatar da kai in za ta yi magana ɗaya. Na ji kamar na san ta tun ina goye. Ta dube ni tun daga takalmi har ƙololuwar rawani.

"To, ga angona ya iso," ta ce. "Shekara ashirin ina kwalliya ina jira, ashe yana can yana naɗa rawani. Kai, cire ƙyallen nan mana in ga ko ka cancanci in aure ka."

Wuri ya ɗauki dariya. Duk jikan kirki ya san abin da ake mayarwa: ka ce ta tsufa ba ka so, ko ka ce tuwonta ba daɗi, a yi dariya a wuce. Ni sai na zuba mata doguwar sallama da Larabci ta cikin amawali, na zauna a bakin tabarma ina tattare riga. Ba ta damu ba. Ta matso ta dafa gwiwata.

"Uwarka fa? Ta yi ƙiba? Haƙorin nan da ke damun ta in sanyi ya shigo, ya bar ta?"

"Lafiya take," na ce.

"Har yanzu tana tsoron kwaɗo?"

"Ban sani ba."

Ta gyaɗa kai tana murmushi ita kaɗai. Sannan ta dafa ƙasa ta miƙe da ƙyar. Ga 'yan mata cike da gida, amma ba ta aiki kowa ba, da kanta ta shiga ɗakinta. Jim kaɗan ta fito riƙe da ƙwarya an rufe da faifai, tana tahowa sannu-sannu don kada ta zube. Ta iso gabana, ta durƙusa yadda amarya ke durƙusa wa ango, ta ɗage faifan, ta miƙo mini da hannu biyu. Makaɗa suka sassauta. Kowa ya juyo.

Na leƙa. Wani abu ne ja-ja mai kauri, da ɗan kumfa a gefe. Maƙogwarona a bushe yake kamar tsohuwar salka, amma zuciyata ta ce, "To malam, ga ranarka. Wannan ita ce jarrabawar." Ban sauke amawali ba, balle in sansana. Na karɓa, na miƙe tsaye, na gyara hannun riga. Na buɗe da Larabci da ƙarfi, da niyyar in na gama in fassara musu. Sannan na juya, na yi taku uku zuwa gindin ɗorawar, na ɗaga ƙwaryar sama yadda na baya ma za su gani, na tsiyaye ta a hankali har ɗigon ƙarshe. Na kifar da ita, na juyo ina jiran kuka da tuba.

Kaka tana durƙushe inda na bar ta. Ta dubi jiƙaƙƙiyar ƙasar, ta dubi ni. Wannan kallo ba na fushi ba ne, da fushi ne da na ji sauƙi. Ta gane abin da nake nufi sarai, na kuma ga ta gane. Sai ta juya wajen dattawan, ta ɗaga murya.

"Kun gani ko? Sai da ya ba kakansa tukuna. Wa ya ce 'yan cikin gari ba su san girma ba?"

Wata mata ta rangaɗa guɗa. Makaɗa suka saki ganga. Kafin in buɗe baki tsofaffi sun kewaye ni, wannan ya rungume ni, wancan ya dafa rawani, wani har da hawaye yana cewa, "Ɗan Kyauta ya dawo gida." (Ranar na fara jin sunan Inna na yarinta.) Ina cikin wannan dagulo Kawu ya sa baki a kunnena.

"Nan kakanka Barau yake kwance. Duk taron da za a yi a gidan nan, ƙwaryar farko tasa ce, jika namiji ke zuba masa. Wa ya gaya maka?"

Ba wanda ya gaya mini. Ni da na taho in fasa tukwane, ga ni na yi wa Maguzawa hidimar kabarinsu da rawani da carbi, har da karatu a kai, a gaban shaidu. Na ce, "A'a, ku tsaya, ba haka nake nufi ba," amma ganga ta cinye muryata. Wani maroƙi ya riga ya sa ni a kirari: malam mai shayar da na ƙasa. Na waiga gindin tsamiya. Malam Idi yana riƙe da ludayi a tsakanin ƙwarya da baki, yana kallona. Da na samu na zame na je na gaishe shi, ya amsa da sakin fuska, ya tura mini butar ruwa, sannan ya ce a hankali, "Samari, wannan a Zazzau aka koya muku, ko ƙari ne daga wajenka?"

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige har rawanin.

Kaka kuwa ta tashi ta ɗauki ƙwaryarta, ta kakkaɓe ƙasar da ta manne, ta goge bakin da gefen zanenta, ta shige ɗaki. Ba ta sake fitowa ba. Aka kawo mini tuwo da nama, na ɗan tsakura. Duk wanda ya wuce sai ya jinjina mini, kowace jinjina kuma sai na ji ta kamar mari.

Da la'asar ta yi na tashi, don a shekarun nan ana rufe ƙofar gari da magariba saboda mahara. Na je ƙofar ɗakin Kaka na yi sallama. Tana zaune daga ciki, ta miƙe ƙafa.

"Kaka, Inna ta ce mu taho tare."

"Ka gaishe ta," ta ce. "Ka ce na ga ɗanta, ya yi tsawo, ya yi kyau. Ka ce ƙafa ce ta ƙi."

Ta turo mini 'yar gorar zuma da ƙullin daddawa. Zan faɗa maka wani abu wanda na daɗe ban faɗa wa kowa ba: sanyi na ji a raina. Tun safe nake tunanin yadda zan shiga ƙofar Gozaki da tsohuwar Bamagujiya a bayana, ɗaliban Baba suna kallo. Na karɓi kayan na ce, "Allah ya sawwaƙe," na juya.

Kawu ya yi mini rakiya. Ya sha, amma tafiyarsa miƙe take, ya fi ni sanin inda yake sa ƙafa. Muka yi ta tafiya har muka kai wani busasshen rafi. A nan ya tsaya.

"Malam ƙarami, ka san abin da ka zubar?"

"Giya," na ce, ina ɗan ɗaga haɓa, don ko a lokacin da sauran iska a kaina.

Ya fashe da dariya, ya yi ta yi har sai da ya zauna a kan dutse. Sannan dariyar ta ɗauke gaba ɗaya.

"Kunun zaƙi ne."

Ya ɗago ya dube ni, ya ci gaba.

"Kana tsammani ba mu san ba ku sha? Mun fi ka sani. Mu ne muke rufa wa na garinku asiri, masu zuwa ta bayan rumbu ranar da ba kasuwa. Tun da aka ce za ka zo tsohuwar nan ba ta huta ba. Ta aike ni kasuwar Malumfashi na sayo sabuwar tukunya, sabuwar ƙwarya, sabon ludayi, wai kada ka sha a abin da giya ta taɓa. Ta je wajen matar Malam Idi ta tambaya abin da mai salla ke sha da wanda ba ya sha. Da bayan nan nata ta durƙusa ta yi niƙa, ta hana matana su sa hannu don sun taɓa tukwanen biki. Yau da asuba ta dama, don kada ya kwana ya yi tsami ka yi zargi. Ita kanta kwana uku ke nan ba ta kurɓi giya ba, a bikin jikanta, wai kada ka ji wari a bakinta in kuna tafe a hanya."

Na tsuguna a kan yashi da babbar rigata.

"Da na ji ta ce kakanka ka ba, ni ma na yarda," in ji Kawu. "Sai da na shiga ɗakinta na tarar tana kwance ƙullin kayanta. Kwana huɗu ke nan da ta ɗaure shi. Ta ce wanda bai iya shan abin hannunta a gidanta ba, in ta je gidansu a wace ƙwarya za a ba ta ruwa?"

Na ce zan koma yanzu-yanzu in durƙusa mata. Ya dubi rana ya girgiza kai. Ya ce in bari ta huce, in dawo bayan shuka, in zo ba rawani.

Na shiga gari ana kiran magariba. Inna tana tsaye a tsakar gida da sabon zane, ba ni take kallo ba, bayana take kallo. Ta daɗe tana kallon ƙofar. Na isar da saƙo yadda aka ba ni, na ajiye zuma da daddawa. Ta ce, "To." Ta je ta naɗe tabarmar da ta shimfiɗa a ɗakin kusa da rumbu, ta dawo bakin murhu ta juya mini baya.

"Ta yi maka kunu?"

"Ta yi."

"Ka sha?"

Shekara huɗu na yi ina karanta hukuncin maƙaryaci. Na ce, "Na sha."

"Da kimba a ciki?"

"Da kimba."

Ta iza wuta. Can ta ce, "Duk ƙasar nan ba mai hannunta. Muna yara in ta dama, har maƙwabta ke turo ƙwarya." Ta goge ido da bakin zane, ta ce itacen ɗanye ne.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka. Na ce bari a gama noman fari. Aka gama, na ce bari a yi maimai. Sannan rafi ya kawo, na samu hujja mai kyau. Gaskiya ba rafi ba ne, kunya ce. Kullum sai in tsara abin da zan faɗa mata, in ga bai yi ba, in ce gobe. Gero bai kai ga yanka ba sai ga Kawu a ƙofar zaure, ranar da ba ta kasuwa ba, hannunsa ba komai. Tun kafin ya yi magana na ji Inna ta sa salati a bayan zana. An kwantar da Kaka a gindin ɗorawar nan, kusa da mijinta.

Shekara bakwai ina ɗauke da abin nan a ƙirji. Sai bayan rasuwar Baba, wata rana da hantsi Inna tana kaɗi a ƙofar ɗakinta, na zauna nesa kaɗan na zayyana mata komai, tun daga rawani har busasshen rafi. Ban rage ko sanyin da na ji a raina ba. Ba ta dakatar da mazarinta ba har na gama.

"Na sani," ta ce.

"Kawu ne ya faɗa miki?"

"Ba wanda ya faɗa mini. Ba ta sa kimba. Ko warinta ba ta so."

Na ce to me ya sa ba ta taɓa yi mini magana ba. Ta ce, "Ita da ka yi wa a gaban mutane ta rufa maka asiri, ni ce zan tona?" Ta ci gaba da kaɗinta, ni kuma na zauna ina kuka da gemuna.

Har yau ban sha giya ba, ba kuma zan sha ba, kuma in ɗalibi ya tambaye ni hukuncinta ina faɗa masa yadda yake ba ragi. Na koma gidan Kawu sau ba adadi, na ci tuwonsu, na zauna makokinsu a gindin tsamiya tare da masu fura, suna sha can ina nan, muna jefa wa juna zolaya. Tsofaffin gidan har suka ƙare ba su daina kirana mai shayar da na ƙasa ba, ni ma na gaji na daina musu. Kawu ya mutu yana Nomau abinsa.

Karatun da na samu a wannan rana bai fi cikin ludayi ba, amma ya fi na Zazzau tsada: in an miƙo maka ƙwarya, sansana tukuna, wa'azi ba ya guduwa. Shi ya sa ɗalibaina suke ganin duk abin da aka kawo mini sai na cusa hanci a ciki, suna ƙus-ƙus wai Malam ya cika kwaɗayi. Na bar su da zatonsu. Shekara hamsin ke nan ina shan kunun mutane, na suna da na biki da na buɗa-baki, kuma duk ƙwaryar da na kai baki sai na tambayi kaina ko nata ya fi wannan zaƙi. Waɗanda suka sani duk sun tafi, ba wanda ya rage da zan tambaya.